Likita na amsa tambayoyinku: maganin farfaɗiyar yara

Wata uwa daga Tudun Wada: Likita, ɗana mai shekara 7 yana shan Tegretol, wata takwas ke nan bai faɗi ba. Kakarsa ta ce a bar maganin haka kada ya taru masa a jiki. Mu daina?

Malama, kada ku daina. Lafiyar nan da kike gani aikin maganin ce. Farfaɗiya tartsatsi ne ke tashi a ƙwaƙwalwa, maganin kuma danne shi yake yi muddin yana cikin jini. Ranar da aka yanke shi kwatsam, ciwon na iya dawowa da jijjigar da ba ta tsayawa sai an kai asibiti. A ƙa'ida sai yaro ya yi shekara 2 cur bai faɗi ba, sannan likita ya duba ko za a fara ragewa, kaɗan-kaɗan, cikin watanni.

Abin da na fi gani ma ba dainawa da gangan ba ne. Magani ya ƙare ranar Juma'a, maigida ya ce a bari sai Litinin, ranar Lahadi da asuba yaro ya faɗi. Ki riƙa saye tun da sauran na mako guda. Kuma da nauyin yaro ake auna shi. Maganin da aka rubuta masa yana kilo 18 ba zai ishe shi yana kilo 25 ba, don haka kada ki tsallake ranar komawa asibiti. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata cikin mutum 10 masu wannan lalura, kusan 7 na rabuwa da faɗuwa in sun riƙe magani, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana.

Wani uba daga Samaru: 'Yata mai shekara 2 ta yi jijjiga sau ɗaya da zazzaɓi mai zafi. Farfaɗiya ce?

Galibi ba ita ba ce, Malam. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 kan yi haka in jiki ya yi zafi, kuma ba a ɗora su kan maganin kullum. Sai dai a binciki tushen zazzaɓin, musamman na cizon sauro da sanƙarau. In ta sake, ka kwantar da ita a gefe, ka duba agogo. Ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura manja, ban da matsa albasa a ido. Ta wuce minti 5, ku nufi asibitin Shika ko na Gambo Sawaba a Zariya, wanda ya fi kusa. A can ake tsayar da jijjigar da maganin diazepam. In akwai mai hannu a sake, ya ɗauki bidiyo a waya, yana taimaka mana fiye da dogon bayani.

Wata uwa daga Ƙofar Doka: 'Yata mai shekara 16 tana shan Epilim, ga shi ana maganar aurenta.

Hajiya, kin yi tambaya a kan gaɓa. Wannan magani na iya nakasa ɗan da ke ciki. Ku je wurin likitanta tun kafin a sa rana, ya duba canza mata wani, amma kada ta ajiye shi da kanta.

Wani malamin Islamiyya daga Sabon Gari: Da gaske ne ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu?

Ba a ɗauka, Allah gafarta Malam. In ɗalibi ya faɗi, a matsar da benci, a sa masa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, a zauna da shi har ya farfaɗo.