Amsa: Fim ɗin da ya dace a fara da shi

Ɗan'uwa, ka tambayi wane fim na Italiya ko Faransa da aka ɗauko daga littafin adabi ya kamata ka fara kallo, da kuma ko suna bin littafin sau da ƙafa. Shawarata ita ce ka fara da Il Gattopardo, wanda Luchino Visconti ya shirya a 1963 da haɗin gwiwar ƙasashen biyu, daga littafin Giuseppe Tomasi di Lampedusa da ya fito a 1958. Labarin wani basarake ne na tsibirin Sisili da yake kallon martabar gidansu tana dusashewa bayan zuwan dakarun Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, a 1860, kuma fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes.

Game da bin littafi kuwa, Visconti bai bi shi ƙeƙe-da-ƙeƙe ba. Ya ɗauki babi guda na liyafar rawa ya shimfiɗa shi har kusan minti 45, inda ake ganin basaraken, wanda ɗan wasa Burt Lancaster ya fito a matsayinsa, yana share gumi yana ratsa ɗakuna cikin gajiya, sannan ya tsallake babin mutuwarsa gaba ɗaya. A ganina wannan zaɓin ya fi ƙarfi, ko da yake wanda ya karanta littafin zai ji rashin babi na ƙarshe, wanda ya kai labarin 1910.