Kansar Kwan Mace: Dole Sai An Cire Mahaifa?

Tambaya: Salam Likita, yayata ce aka gano tana da kansar kwan mace matakin farko, shekararta 29 ko haihuwar fari bata yi ba, wai dole sai an cire mata mahaifa?

Amsa: Wa'alaikissalam, Allah ya bata lafiya. Ba dole bane 'yar'uwa, in a kwai daya cutar take bata fita ba likitoci kan cire wannan bangaren da bututunsa su bar mahaifa da dayan, kuma ana haihuwa a haka. Gwajin naman da aka ciro ne zai raba gardama, in mai saurin yaduwa ce sai a kara da kemo (magungunan kashe kwayoyin kansa), irin su carboplatin da paclitaxel duk sati 3, sau 3 zuwa 6. Gashi kam zai zube amma yana dawowa. Don Allah kar a tsaya jike-jike, a yi tiyatar da wuri.