Kamfani ya killace daji don kare ruwan rijiyoyi: da gaske ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Kachia. Wani kamfanin ruwan sha ya karɓi dajin da ke saman ƙauyenmu, ya hana sare itace da farauta, wai don kada ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, namun daji kuma su samu mafaka. Malam, daji yana da wata alaƙa da ruwan rijiya, ko dabarar ƙwace mana fili ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alaƙar tana nan, ɗan'uwa, kuma a ƙasa irin ta Kaduna tana da ƙarfi. Yawancin jihar nan a kan fa take zaune. Ruwan da kuke ja yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke saman fan da kuma tsage-tsagensa, ma'ajiya ce ƙarama wadda damina ke cikawa kowace shekara. Idan ruwan sama ya faɗi a kan ƙasa mai ganye da ciyawa, yakan tsaya ya nutse ta ramukan saiwa da hanyoyin gara. Idan fako ne, sai ya kwarara ya tafi rafi da ƙasar noma a bakinsa, zaizaya ta biyo baya. Shi ya sa rijiyar da a da take kai mutane har watan Mayu takan fara ƙafewa tun Fabrairu bayan an share tudun da ke samanta.

Sai dai ba kowane daji ne ke ƙara ruwa ba, domin itace ma shan ruwa yake yi. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa a ƙasashe masu dogon rani ruwa ya fi nutsewa inda itatuwa suke tsaka-tsaki, ba cunkushe ba, ba kuma fili fetal ba. Saboda haka ku duba abin da kamfanin yake yi a cikin dajin. In yana barin doka, maje, ƙirya, marke, ɗorawa da kaɗanya su farfaɗo daga kututturensu, aiki ne mai kyau. In kuwa ya share su ya jera itacen turare ko malaina layi-layi, irin gandun da ake gani a Afaka kusa da garin Kaduna, to katako yake nomawa. Turare yana girma da sauri, yana zuƙar ruwa har cikin rani, kuma ƙarƙashinsa ba ya tara ciyawar kirki. Dasa shi kusa da fadama ko idon ruwa kuskure ne babba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lissafi, kuma nan ne ake yawan rufe wa jama'a ido. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Mu ɗauka, a matsayin misali, milimita 100 ne ke kaiwa ga ma'ajiyar ƙasa a shekara: lita miliyan ɗaya ke nan a kowace hekta. Kamfanin da ke jan lita 200,000 kullum yana kwashe lita miliyan 73 a shekara, wato sai an samu hekta 73 kafin ya mayar da abin da ya ɗiba. Ku tambaye su rijiyoyin burtsatse nawa suka haƙa, lita nawa suke ja, kuma dajin hekta nawa ne. Wanda yake da niyyar gaskiya ba zai ɓoye waɗannan alƙaluma ba.

Ku ma ku riƙa auna naku. Ku zaɓi rijiyoyi uku, ɗaya kusa da dajin, ɗaya kusa da burtsatsen kamfanin, ɗaya can nesa. Sau ɗaya a wata, da asuba kafin a fara ɗiba, a zura igiya mai ɗan nauyi a bakinta har ta taɓa ruwa, a auna tsawon daga bakin rijiyar, a rubuta da kwanan wata. Awon Maris da Afrilu shi ne mai faɗin gaskiya. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, tunda damina kan bambanta. A tara na shekara uku zuwa biyar.

Game da namun daji, kada a sa ran giwa ko gwanki kamar a gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Ƙaramin daji gada yake riƙewa, da biri, damo, zabin daji, ƙudan zuma da jemage, kuma jemagen nan yana cikin masu yi wa furen ɗorawa barbara. Abin da ke kashe irin wannan wuri shi ne gobarar tsakiyar rani da kuma shingen waya da ya raba dabba da mashayarta. A share hanyar tare wuta mai faɗin kamar mita goma kewaye da dajin tun watan Nuwamba, a bar kurmin bakin rafi a haɗe da dajin, kada kuma a toshe burtali, don rigima da makiyaya za ta ci dajin kafin gobara ta ci shi.

Maganar fili kuwa, tsoronka yana kan hanya. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna, kuma a Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan mallaka. Mai gari da dattawa su nemi ganin takardar kamfanin da taswirar iyakarta, da rahoton nazarin tasirin muhalli idan aikin ya kai girman da doka ta wajabta shi. Sannan a rubuta yarjejeniya a gaban hakimi: mata su ci gaba da tsintar kaɗanya da ɗorawa, a ba da damar ɗibar busasshen itace da magani, a ɗauki masu gadi daga cikin matasan gari da mafarauta da suka san dajin, a kuma fayyace abin da kamfanin zai yi idan awo ya nuna rijiyoyinku suna ja baya.