Tambaya da Amsa: Ƙwaƙwalwar Baba za ta iya gyaruwa?

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama yana ɗan motsi, amma mu ke ba shi abinci a baki, mu yi masa alwala. Ƙanena ya ce an gwada a kan birai cewa ƙwaƙwalwa tana gyara kanta. Gaskiya ne?
Wata mai karatu daga Gusau

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ƙanenki ya yi gaskiya, sai dai akwai sharaɗi. Wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa saboda yankewar jini ba ya farfaɗowa, amma sassan da ke kewaye da shi suna iya karɓar aikinsa.

A 1996, Randolph Nudo a Amurka ya toshe jini ga ɗan wurin da ke sarrafa hannu a ƙwaƙwalwar wasu ƙananan birai. Waɗanda aka bari haka nan, har lafiyayyen gefen wurin ya daina yi wa hannu aiki. Waɗanda kuwa aka sa kullum suna zaro 'yan ƙwayoyin abinci daga ƙananan ramuka da yatsunsu, sashen hannun bai tsuke ba. A 2004 kuma, a Kanada, Dale Corbett da abokan aikinsa sun toshe jini a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sannan suka fara horar da su bayan kwana 5, ko 14, ko 30. Na kwana 5 suka fi warkewa, na 30 ba su samu wani abin kirki ba.

Kada wannan ya karya miki gwiwa, kwanakin ɓera ba namu ba ne. A 2006 an fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da ciwon, waɗanda aka ɗaure musu lafiyayyen hannu suna aiki da shanyayyen sun fi samun sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne tausayin nan naku. Na sha ganin dattijo zaune a tabarma, yatsunsa na motsi, jikarsa na ɗura masa koko. Ku miƙa wa Baba ludayin ko da zai zubar. Ya ja carbi da hannun, ya sa maɓallin rigarsa, sau da yawa a yini. Kada a riƙa ɗaga shi ta shanyayyen hannun, kafaɗar tana iya gocewa. Batun ɗaure lafiyayyen hannu ku bar wa likitan gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti, kuma ku kai shi cikin makon nan. Idan yana shan maganin hawan jini, kada ya tsallake ko kwana ɗaya.