Tsohon mol ɗin kayan wasa: a sayar ko a lalata?

Wani mai ƙaramar masana'antar roba a Sharaɗa, Kano, ya aiko da tambaya. Yana buga motocin wasan yara, mol biyu (ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar kayan) sun cinye, kayan suna fitowa da baki-baki. 'Yan gwangwan za su saya a kilo, amma wani mutum ya taya fiye da su nesa ba kusa ba. Wa zai sayar wa?

Alhaji, mai tayi na biyun ba nauyin ƙarfe yake saye ba. Aikinka yake so. A cikin mol ɗin nan akwai inda narkakkiyar roba take shiga, da hanyoyin ruwan da ke sanyaya ta, da ɗan ƙarin da aka bari saboda roba tana tsukewa in ta huce. Duk abin da ka kashe kuɗi da lokaci kafin ka daidaita, yana nan a sassaƙe. Gwanin makaniki zai yi masa walda, ya goge, ya ɗora a inji, gobe ka tarar da motarka a Kasuwar Sabon Gari da rabin farashi. Ka sayar da akuya ke nan ta dawo tana ci maka danga.

Abin da ya fi damuna shi ne sunanka. In tambarinka yana jikin mol ɗin, duk motar da ya buga, da kaifinta da zai iya yanka hannun yaro, kai za a zaga.

Kamfanin kayan wasan yara na LEGO da ke garin Billund a ƙasar Denmark, wanda aka kafa a 1932, ya daɗe da gane haka. Sun sha binne tsofaffin mol ɗinsu a cikin kankaren harsashin gine-ginensu don kada su faɗa hannun masu kwaikwayo. Duk da haka ba su tsira ba, sai da suka yi shari'a a China da masu yin kayan Lepin, wato kwaikwayon kayan LEGO, suka yi nasara a 2018, a 2020 kuma kotu a Shanghai ta ɗaure jagoran masu Lepin ɗin shekara 6.

Kai ba sai ka binne ba. Ka kira mai walda ya zo masana'antar, a gabanka ya yanka ramin mol ɗin da wuta ta yadda ba zai gyaru ba, a share tambarin, a ɗauki hoto, a rubuta a littafin kadarori. Sannan ka sayar wa 'yan gwangwan, in so samu ne ɓangaren sama ga wani, na ƙasa ga wani.

Kafin ka yi odar sababbi daga China, a sa a takarda cewa mol ɗin da zanensa na kwamfuta naka ne, ba za a yi wa wani irinsa ba. Sabon fasalin kuma ka yi masa rajista a Abuja tun bai shiga kasuwa ba. Dokar Najeriya ta 1970 kan rajistar ƙirƙira da fasalin kaya ta ba da kariyar shekara 5, ana sabuntawa sau biyu. Ma'aunin zafi da haɗin launi su tsaya a hannun amintattu ɗaya ko biyu, kuma ka riƙa biyansu yadda ba za su saurari tayin wani ba.