Ga ƙanena mai son koyon yankan gilashi a Rasha

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka ga hotunan tulunan gilashin zamanin sarakunan Rasha hankalinka ya ƙi kwanciya, kana so ka zo ka koyi aikin, kana kuma tambaya ko za a iya sayo su a kai gida.

Batun saye dai ka cire shi a ranka. Kayan tarihi ba sa fita daga ƙasar nan sai da izinin Ma'aikatar Al'adu, manyan cikinsu kuma suna gidajen tarihi irin su Hermitage.

Koyo kuwa, ina bayanka. Ranar da na fara tsayawa gaban ɗaya daga cikin tulunan a fadar Pavlovsk, nan bayan garin San Fitasbag, na daɗe ban gusa ba. Gilashi ne mai kauri da aka narka da darma, shi ya sa yake da nauyi, yake kuma karɓar yanka. Duk idon da ke jikinsa, wato kowace ƙaramar fuska da aka yanka, mutum ne ya rungumi tulun ya kanga shi a dutsen washi mai juyawa, ruwa na ɗiga a kai. Hannu ya goce sau ɗaya, an yi asara ke nan. Akwai salon da suke kira "dutsen Rasha", mai faffaɗan idanu kamar an fere dutse mai daraja, sai a yi masa gindi da hannaye na tagulla mai ruwan zinariya.

Ga abin da nake so ka riƙe. Masana'antar da ta yi irin waɗannan tuluna, wadda Potemkin, wani babban bafaden Rasha, ya mallaka a 1777, ta koma hannun sarauta a 1792, aka rufe ta a 1917, manyan masu zanen gine-gine ne suke zana mata fasali, irin su Voronikhin da Rossi. Tulun a takarda yake fara tsayuwa, kafin a hura wuta.

Har yau haka abin yake. Makarantar koyon zane da fasaha ta Stieglitz da ke nan San Fitasbag tana da sashen yumɓu da gilashi, kuma da fensir za su gwada ka kafin su ɗauke ka. Kafin nan akwai shekara guda ta koyon Rashanci, kada ka raina ta, don malamin da ke gyara maka riƙo da harshensa zai yi maka magana. In ka iso, za mu je Gus-Khrustalny, garin da ake aikin gilashi tun 1756, ka ga masu yankan da idonka.

Yanzu ka ɗauki kofin gilashi ka ajiye a bakin taga, ka zana shi kullum da inuwarsa. Bayan wata guda ka turo mini guda uku in gani.