Tama ce ko curi? Amsar tambaya daga Talatar Mafara

Wani malamin sakandare daga Talatar Mafara ya aiko da tambaya kan baƙaƙen duwatsun nan masu manganis (wani nau'in ƙarfe) da ake samu a ƙasan teku: ko ya gaya wa ɗalibansa tama ce? Kuma ko karin maganar nan "da yayyafi kogi kan cika" ta dace da yadda suke girma?

Malam, kada ka ce tama. A bakin maƙera, tama dutse ce da ake narkawa a fitar da baƙin ƙarfe, ba kowane ma'adini ba; shi ya sa kuza take da nata sunan. A yankin Clarion-Clipperton na tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Meziko, baƙin ƙarfen da ke cikin duwatsun wajen kashi 6 ne cikin 100. Manganis ya kusa kashi 30, nikel da jan ƙarfe kowanne ya ɗan haura kashi 1, kobal bai kai ko rabin kashi ɗaya ba; nikel da kobal su ma nau'o'in ƙarfe ne.

Ni "curin manganis" na fi so. Curi abu ne da aka mulmula ya dunƙule, kuma da yawansu ba su wuce dawon da ake damawa a Zamfara ba. In an tsaga ɗaya, bawo ne kan bawo, sun kewaye wata 'yar ƙwaya, ɓarin dutse ko haƙorin kifin shak. Jirgin binciken Ingila, Challenger, ya kwaso su a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876. Na ce "kwaso" da gangan. Haƙa sai zinaren Anka. Waɗannan a kwance suke bisa laka, a zurfin mita 4,000 zuwa 6,000.

Karin maganar kuwa ana yinta ne don ƙarfafa wa mai tarawa kaɗan-kaɗan gwiwa, kuma ta nan ta dace. Curin na tsotsar ƙarfe daga ruwan teku da kuma ruwan da ke cikin lakar. Wanda ya fi sha daga laka yakan fi yawan nikel da jan ƙarfe, wanda ya fi sha daga ruwan teku kuwa ya fi yawan baƙin ƙarfe da kobal. Amma ka ja kunnen yara: kogi kan sake cika kowace damina, curi kuwa 'yan milimita yake ƙarawa a shekara miliyan. Filin da kamfanin ma'adinai ya kwashe curinsa, jikokin jikokinmu ma ba za su ga ya maye gurbinsa ba.